Numfashin Lami, daga Deule zuwa Sakkwato

A tashar Madawa na fara jin kunyar tafiyar. Muna zaune muna jiran motar Ƙonni ta cika, sai Lami ta sauka daga benci ta shiga tsakanin buhunan albasar Sabon Gida tana tsalle da ƙafa ɗaya. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni inda muka nufa. Na ce Sakkwato, wajen likita.

"Wa ba shi lahiya?"

Na nuna mata Lami. Matar ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta gyara goyonta.

Haka ciwon nan ya riƙa yi mini tun farko. Lami ɗiyata ce ta fari, shekararta bakwai a lokacin. Tana cikin wasa sai ka ga ta tsaya ta dafa bango, kafaɗunta na hawa suna sauka, ramin wuyanta na lotsawa, ƙirjinta na kuka kamar an rufe ɗan kyanwa a cikin tukunya. Ba zazzaɓi, ba amai. Wani lokaci ya yi rabin yini, wani lokaci kafin a ɗauro jaki ya wuce. In muka isa gaban likita kuwa, sai ta zama ta fi kowa lafiya a layin.

Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani na Deule, ya ce sanyi ne, ya ba mu siro, maganin ruwa na yara. A Buza aka ce palu, ciwon cizon sauro, aka yi mata allura uku. A Madawa wani ya ce ƙarancin jini, ya ce a ba ta hanta. Inna, uwar mijina, ta ce duk ba su gani ba. Kakanta shi ne mai yanka a gindin dutsen garinsu kafin su musulunta, kuma a ganinta iskar gidan ce ta waiwayo jika tunda an bar ba ta komai. Inna ba ta wasa da salla, amma wannan maganar ba ta taɓa sakinta ba. Uban Lami yana ci-rani a Abijan. Duk abin da na faɗa masa a waya sai ya turo saƙon murya ya ce a gwada, har ranar da ya ji kukan ƙirjin da kunnensa, don na kara wayar a jikinta. Washegari ya ce a kai ta Sakkwato, wansa Yaya Ila zai raka mu.

A bakin iyaka, bayan Ƙonni, aka sauke mu duka aka ce kowa ya fito da katinsa. Nawa yana nan. Na Yaya Ila ya daɗe da mutuwa, shi bai ma sani ba, rabonsa da fita Buza tun yana saurayi. Ya yi magiya, aka ce ya koma gefe. Direba ya fara danna oda. Yaya Ila ya leƙo ta taga, gumi na zuba daga hularsa.

"Ku tahi. Ni hau kabu-kabu in biyo ta daji. Ku jira ni tashar Illela, kada ku gusa."

Muka jira. Tun hantsi har aka yi la'asar muna ƙarƙashin rumfar wani mai shayi. Na kira wayarsa ta ƙi shiga. Kowane mai farar hula na hango sai in miƙe. Lami ta ci biredi ta yi barci a cinyata, abin da ba ta taɓa yi a gida ba, don a wurinmu uwa ba ta rungumar ɗan fari a gaban mutane, a ɗakin Inna ma take kwana. Na rasa yadda zan yi da hannuwana. Daga baya na ɗora ɗaya a bayanta ina jin yadda numfashin ke shiga yana fita.

Mai shayin ne ya ce mini motar ƙarshe za ta tashi, in na rasa ta sai gobe. Na tsaya tsakanin komawa da ci gaba. Ban san dalilin da ya sa na shiga motar ba. Ina jin tsoron komawa Deule in ce ban kai ba ya fi tsoron Sakkwato.

Mun kwana a rumfar mata ta tashar Sakkwato. Da safe ina tambayar hanyar babban asibiti, wani mutum mai farar riga da biro biyu a aljihu ya tsaya ya gaishe ni da ladabi.

"Baiwar Allah, daga Nijar kuke ko? Ai can in kin tahi sai kin yi sati ba ki ga likita ba. Mu ma reshensu ne, kuma na'ura muke aiki da ita."

Ya ɗauki jakarmu da kansa. Muka bi shi lungu biyu zuwa wani shago mai labule. Ya ba Lami wani ƙarfe ta riƙe, waya ta fito daga ƙarfen ta shiga kwamfuta. Zane-zane ja da kore suka riƙa gudu. Ya girgiza kai, ya yi salati.

"Zuciya ce. Akwai rami a ciki. Allah ya so ki da kinka zo yau."

A duk sunayen da aka ba ciwon nan ba wanda ya kai wannan nauyi, kuma shi kaɗai ne ya fito daga na'ura. Ya ba ni kwalabe uku na wani baƙin ruwa, ya karɓi fiye da rabin abin da na canzo a Ƙonni, ya ce in koma gida kada in bari wani likita ya taɓa ta, zai ɓata aikin. Wannan kalmar ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Mai gaskiya me zai sa ya ji tsoron a duba bayansa? Na fito, na tari mai keken haya, na ce ya kai mu babban asibitin.

A ƙofar asibitin akwai mata masu sayar da abinci. Na tsaya gaban wata tsohuwa mai fura na ce ta dama mana. Ta ɗago kai tun kafin in rufe baki.

"Ke, ɗiyata, wannan harshen na Adar ne. Daga ina?"

"Deule, Gwaggo."

"Deule ta Buza! Ni ɗiyar Keita ce. Shekara talatin rabona da ita."

Sunanta Gwaggo Hajo. Aure ya kawo ta Sakkwato, mijin ya rasu, ta zauna. Ta tambaye ni ko tabkin Keita na riƙe ruwa har yanzu, ko ana cin kasuwar garin kaza, ko wane na da rai. Yawancinsu ban san su ba, amma na riƙa amsawa da abin da na sani. Da na nuna mata kwalaben, ta buɗe ɗaya ta sansana.

"Sassaƙe ne da kanwa. Ke ce ta nawa da anka kawo min da wagga kwalba. Zubar da ita."

"To ramin zuciyar fa?"

"Kowa ya shiga shagon nan da rami yake hitowa."

Na yi dariya, amma ramin bai fita daga raina ba. Ita ta bar furarta a hannun maƙwabciya ta kai ni wurin yankar kati. Na ce ina son karne, mai rubutu bai gane ba, sai da Gwaggo Hajo ta ce kati. Ya ce, "Sunan yarinya?" Na ce Lami. Ya ce sunan yanka yake nufi. Tun da aka raɗa mata sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Mutane na bayana suna tsaki. Mai rubutu ya ɗaga kai.

"Malama, ba ɗiyarki ba ce?"

Lami ce ta leƙa ta tagar ta faɗi sunanta da kanta, da na ubanta, kamar yadda take yi wa mushe, malaminsu, a lakwal, makarantar boko. Sannan ta juyo ta dube ni tana murmushi, wai ta fitar da ni.

Likitar da muka samu mace ce, siririya, mai tabarau. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta sa abin saurare a ƙirjin Lami, gaba da baya, ta ce ta ja numfashi, ta ce ta saki. Ta daɗe a wajen zuciya saboda abin da na gaya mata.

"Zuciyarta lafiya lau. Ƙirjin ma yanzu ban ji komai ba."

"Likita, wallahi ba ƙarya nake ba."

"Ban ce kina ƙarya ba. Akwai abin da nake zato, amma ina son in ji da kunnena. Ku yi hoton ƙirji, ku dawo."

Na ce mata a Madawa an ce in da hali a yi mata radiyo, shi ne ban ji ta ambata ba. Ta dube ni. Ta ce rediyo kuma, na saurare? Na ce a'a, radiyo na likita. Muka yi ta kewaye har wata ma'aikaciya da ta taɓa zama Maraɗi ta ce ai abu ɗaya ne, abin da muke ce wa radiyo shi suke ce wa hoto. Aka yi hoton. Ya fito fes, ba komai. Na riƙe baƙar ledar nan mai haƙarƙarin ɗiyata ina dubawa a rana, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. In ba komai, to mene ne ke shaƙe ta?

Likitar ta ce in da inda za mu zauna mu ɗan kwana biyu a gari, in abin ya taso a kawo ta a lokacin, kada a jira ya lafa. Gwaggo Hajo ta ce ɗakinta ya ishe mu.

Kwana uku muka yi a gidan. Ina taya ta daka da cuɗa fura, Lami na wasa da yaran gidan. Abin da ban taɓa zaton zan yi ba shi na riƙa yi: ina jiran ɗiyata ta kamu. In na ji ta yi tari sai gabana ya faɗi, kuma a ƙarƙashin faɗuwar akwai wani abu kamar fata. In na gane haka sai in yi istigfari. Wayata ba ta aiki a ƙasar, ban san inda Yaya Ila yake ba, ban san abin da ake faɗa a Deule ba. Na yi kewar ƙannenta biyu da na baro. Tuwonsu na shinkafa ne, ni kuwa bakina na neman na hatsi da miyar kuka irin ta Inna, wadda a gida nake cewa ta cika daddawa.

Rana ta huɗu Juma'a ce. Bayan an sauko masallaci Gwaggo Hajo ta ce baƙi sun kwana uku a ɗakinta ba ta karrama su ba. Ta ciro wani turaren wuta da ta ce tana ɓoyonsa tun bikin jikarta, ta zuba a kasko, ta sa a tsakar ɗaki, ta saki labule don ƙamshin ya kama kayanmu. Muna zaune muna hira, Lami na kwance tana wasa da murfin kwano. Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu. Ta tashi zaune. Kafin in ce wani abu ta dafa gwiwoyinta, wuyanta ya miƙe, kukan nan ya fara.

Bai taɓa yin tsanani irin na ranar ba. Ta buɗe baki za ta ce Inna, kalmar ta kasa fita. Leɓunanta suka canza launi. Na saɓa ta a kafaɗa na fita ba takalmi, Gwaggo Hajo na bayana tana kiran mai keke da sunan ubansa. A cikin keken na riƙa kiran sunanta, ina cewa ta dube ni. Idanunta na kaina, amma duk hankalinta na wajen jan iskar da ta ƙi shiga.

A asibiti ba a tambaye mu kati ba. Suka karɓe ta, suka zaunar da ita, suka rufe mata hanci da baki da wata roba mai igiya. Wani inji ya fara ruri, sai ga farin abu kamar hayaƙi na fita ta gefen robar. Na yi kukan kura zan cire.

"Hayaƙi ne ya kada ta! Kada ku ƙara mata!"

Ma'aikaciyar ta riƙe hannuna da ƙarfi. Ta ce ba hayaƙi ba ne, magani ne aka mayar tururi don ya isa can ciki. Na tsaya ina kallo. Ban san tsawon lokacin ba. A hankali kafaɗun suka fara sauka, ramin wuyan ya cike. Likita mai tabarau ta zo da sauri, ta saurara tun abin bai gama lafawa ba, ta daɗe, sannan ta gyaɗa kai.

"Yanzu na ji. Wannan alamun asma ne."

Ban san kalmar ba. Ma'aikaciyar ta so ta taimake ni, ta ce, "Fuka, Malama. Ciwon fuka."

Sai na zauna a ƙasa. Tarin fuka ne ya kashe babana. Na ga yadda ya rame har ana ƙirga ƙasusuwansa, aka ware masa kwano da moɗa, aka hana mu shiga ɗakinsa. Na fara tunanin ƙannenta da suke sha a moɗa ɗaya da ita. Na ce, "Shi ke nan, na gida ne ya biyo ta." Likitar ta tambayi abin da nake nufi, na gaya mata. Ta jawo kujera ta zauna daidai da ni.

"Ba shi ba ne. Suna ne ya yi kama. Wancan ƙwayar cuta ce, ana ɗauka, kuma hotonta bai nuna shi ba. Wannan ba a ɗauka. Hanyoyin iska na ƙirjinta ne ke tsukewa in sun haɗu da abin da ba su so, hayaƙi, ko ƙaiƙayin hatsi, ko sanyi. In an ba su magani su buɗe."

"To yana warkewa?"

"Wasu yara suna girma ya bar su. Wasu suna zama da shi, su yi karatu, su yi aure, su haihu."

"Ita fa?"

"Ban sani ba. Kuma ko sunan da na ba shi, sai mun ga yadda ta yi da magani wata biyu ko uku kafin in ce na tabbata."

Na yi tafiyar kwana da kwanaki don a ba ni magana ɗaya tsayayya, ga shi wadda ta fi kowa sani tana ce mini ba ta sani ba. Amma ita kaɗai ce ta ji ciwon da kunnenta, ita kaɗai ce kuma abin da ta ba da ya yi aiki ina kallo.

Aka kwantar da mu kwana biyu. Gwaggo Hajo ta zo da fura da tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

"Ni na so in kashe miki ɗiya da hannuna."

"Gwaggo, ba don turarenki ba da har yau muna zaune muna jira."

Ba ta yarda ba. Ta ajiye kwanonin ta juya tana share ido da gefen mayafi. Ranar da za mu tafi ta ƙulla wa Lami dabino, ni kuma ta ce in na bi ta Keita wata rana in tsaya bakin tabkin in duba mata.

Kafin a sallame mu ma'aikaciyar ta koya mini aiki da abin fesawa, ɗan ƙarami shuɗi. Ta ɗauki gorar roba ta ruwa, ta huda gindinta, ta cusa bakin abin a ramin. In an fesa sau ɗaya a cikin gorar, Lami ta kama bakin gorar ta ja numfashi a hankali ana ƙirgawa. Ta sa na yi a gabanta har sau huɗu. Akwai wani kuma mai ruwan ƙasa na safe da yamma, ko tana lafiya. Wannan ya ɗaure mini kai, a ba mai lafiya magani, amma na karɓa. Likitar ta rubuta takarda ta ce in kai wa likitanmu na gida. Ta ce a raba ta da hayaƙin murhu da wurin sussuka, amma kada a hana ta wasa.

A Ƙonni muka tarar da Yaya Ila zaune a bakin tasha, ya yi baƙi ya rame. Ashe ya ƙetare a ranar, amma Illela tasha biyu gare ta, shi yana ɗaya muna ɗaya. Ya je Sakkwato ya yi yawon asibitoci yana tambayar wata Lami, ba a same ta a littafin kowa ba, tunda ba sunan da aka rubuta ke nan ba. Ya dawo Ƙonni ya zauna, ya ce ba zai iya shiga Deule shi kaɗai ba. Da ya ga yarinyar ta sauko daga mota da ƙafarta, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Na kai wa majo takardar washegarin isarmu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi dariya. Da Ingilishi aka rubuta, shi kuwa Faransanci ya karanta. Kalma ɗaya ya gane, don ta yi kama da tasu. Ya ce, "To, in wannan ne, mun san shi." Ya rubuta a karnenta, ya ce in abin fesawar ya kusa ƙarewa in faɗa da wuri a nemo a Madawa.

An fitar da murhu bayan gida. Lokacin sussuka ana kai Lami gidan ƙanwata. Abin ya ragu sosai, amma bai tafi ba. Sau biyu ya taso ba hayaƙi, ba ƙaiƙayi, ba sanyi, rana tsaka tana zaune tana tsifar kai. Na bi duk abin da ta ci da inda ta je, ban samo dalili ba. Gorar dai ta yi aikinta.

Wata rana da yamma ina dawowa daga rijiya da tulu a kai, na hango 'yan mata suna tsere a filin bayan lakwal. Lami na cikinsu, ta ɗaure zane a ƙugu, tana ta uku. Na tsaya. Na buɗe baki zan kira ta, na tuna an ce kada a hana ta, na rufe. Gorar na gida, a rataye, tafiyar da ba ta kai komai ba amma a lokacin ta yi mini nisan Sakkwato. Suna dab da itacen da suka sa iyaka sai ta tsaya cak, ta sunkuya, sauran suka wuce ta.

Ban san lokacin da na sauke tulun ba. Na fara gudu, zanena na harɗe ni. Ina tsakiyar filin ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta cire wani abu daga diddige, ta jefar. Ƙaya ce. Ta miƙe tana yi wa ta gaba ihu wai ba a gama ba, a sake.

Nan na zauna a ƙasa, a tsakiyar fili, har suka sake tseren sau biyu.